Ƙidayar Motocin Citta: Yadda Ake Auna Kuskure Kafin A Zuba Jari

Tun daga 1927 da layin dogo ya mai da Kafanchan mahaɗa, garin ya zama cibiyar hada-hadar amfanin gona a kudancin Jihar Kaduna, musamman citta, tafin giwa da yatsun biri, wadda ake nomawa a yankunan Kachiya, Jaba da Kagarko. Annobar da ta faɗa wa gonakin citta a 2023 kuwa ta nuna wa 'yan kasuwa cewa jarin da aka zuba bisa zato yana iya narkewa a damina guda.

Bari mu ɗauki misali. Wani dillali ya yi lodin motoci 100 cikin kwana 25. Bayan ya ɗauki wakilai masu saye a ƙauyuka, sai ya yi lodin 144 cikin wasu kwana 25, watau ƙarin kashi 44 cikin ɗari. Shin wannan ya isa hujjar karɓar bashin banki don gina sito?

Masana ƙididdiga kan auna irin wannan dangantaka da tsarin Poisson, sunan Bafaranshen da ya wallafa shi a 1837. Tsarin ya dace da abubuwan da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, kuma yana aiki ne da logaridim. A nan logaridim na 1.44 shi ne 0.365, wanda shi ne tasirin wakilan.

Amma kowane ƙiyasi yana tare da ma'aunin kuskurensa. Ga yadda ake fitar da shi: a raba 1 da 100, a raba 1 da 144, a haɗa su, za a sami 0.0169. Sai a nemi tushensa, watau lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadi: 0.13. Ƙa'ida ita ce a ninka shi sau biyu, a ɗebe daga ƙiyasin, a kuma ƙara a kansa. An sami 0.105 zuwa 0.625 ke nan, watau ƙarin ciniki daga kashi 11 zuwa kashi 87 cikin ɗari.

Sai dai akwai sharaɗi. Tsarin Poisson ya ɗauka cewa warwatsuwar alkaluma daidai take da matsakaicinsu, kamar kowace mota zuwan kanta take yi. A kasuwa ba haka abin yake ba: babban mai saye daga Ikko kan turo motoci goma rana ɗaya, ruwan sama kuma ya tare hanya kwana uku. Don gano warwatsuwa, a cire matsakaici daga adadin kowace rana, a ninka abin da ya saura da kansa, a tara duka, a raba da 24.

A ce a kowane zango warwatsuwar ta ninka matsakaici sau huɗu, misali 16 a kan motoci 4 a rana. Tushen 4 shi ne 2, don haka ma'aunin kuskure ya koma 0.26. Wannan gyara ya samo asali ne daga aikin Wedderburn na 1974. Yanzu iyakar ta tashi daga raguwar kashi 14 cikin ɗari zuwa ƙarin fiye da ninki biyu. Ashe hujjar ba ta tsaya da ƙafafunta ba, domin mai yiwuwa ne sa'a ce kawai.

Saboda haka duk wanda akawu ko mai ba da shawara ya kawo masa irin wannan lissafi daga na'ura mai ƙwaƙwalwa, ya tambaye shi ko an gyara ma'aunin kuskure saboda warwatsuwa. Har ila yau, ya tabbatar ba a gwada lokacin kaka da tsakiyar damina ba, don kada a ba wakilai ladan da na yanayi ne. Dillalin misalinmu kuwa, ya ƙara wata biyu yana rubuta lodinsa kullum kafin ya sa hannu a takardar bashi.