Haɗin Gwiwar Gwamnati da 'Yan Kasuwa a Harkar Sufuri: Nazari a kan Layin Dogo na Kano zuwa Maraɗi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda aka tsara samar da kuɗin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda ya ratsa Daura da yankin Dutsi. Binciken ya gano cewa tsarin ya fi kusa da bashi a kan haɗin gwiwa na haƙiƙa.

1.0 Gabatarwa

Haɗin gwiwa a nan na nufin yarjejeniyar da kamfani zai zuba jarinsa ya gina hanya, ya gudanar da ita na wasu shekaru, ya mayar da kuɗinsa daga abin da masu amfani da ita suka biya, sannan ya miƙa ta ga gwamnati. Dokar shekarar 2005 ce ta kafa hukumar ICRC mai sa ido a kan irin wannan yarjejeniya a Nijeriya. Jigon tsarin kuwa shi ne raba riba da asara tsakanin ɓangarorin biyu.

2.0 Tsarin Aikin

A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin, mai tsawon kimanin kilomita 284. Ya taso daga Kano ya bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ne ya karɓi kwangilar a kan kusan dala biliyan 2, bisa sharaɗin zai nemo mafi yawan kuɗin daga masu ba da rance.

A nan gizo ke saƙar. Kamfanin ne aka ɗora wa nemo rancen, amma gwamnati ce za ta biya, ko jirgi ya cika da kaya ko ya tafi wayam. Wato asarar, idan ta auku, tana wuyan talaka mai biyan haraji.

Sai dai cikakken haɗin gwiwa ma yana da nasa ƙalubalen. Jihar Legas ta ba wani kamfani hanyar Lekki zuwa Epe, aka fara karɓar kuɗin wucewa a 2011, jama'a suka yi bore, daga bisani jihar ta saye yarjejeniyar.

3.0 Darasi ga Dutsi

Fasinja kaɗai ba safai yake riƙe layin dogo ba. Dakon kaya ne ke riƙe shi. Gero da wake da riɗi da dabbobin da manomin Dutsi ke kai wa kasuwannin Mashi da Mai'aduwa ba za su hau jirgi ba, matuƙar babu hanyoyin karkara da rumbunan ajiya kusa da tasha. A wannan fage ne ƙananan 'yan kasuwa na gida za su iya shiga, da jarin da bai fi ƙarfinsu ba.

4.0 Kammalawa

Maƙalar tana ba da shawarar a bayyana sharuɗɗan gudanar da layin ga jama'a, a kuma tuntuɓi manoma da fatake kafin a yanke farashin dako, domin da cinikinsu ne layin zai riƙe kansa.