Tafiyar Dare a Kwarin Duwatsun Abzin: Shawarwari ga Iyali

Kwaruruwan da ke tsakanin duwatsun Abzin, arewa da Agadas, kamar wajajen Timiya, sun fi kyau da dare. Amma fita da iyali a irin wannan wuri sai da shiri.

1. Ku fara duba kwanan wata. Daren 14 ga watan sama, farin wata kan haska hanya har a ga tsakuwa, sai dai yana dusashe taurari. Ni na fi son daren 17 zuwa 19. Bayan cikarsa, wata kan yi jinkirin fitowa da kusan minti 50 kowane dare, don haka za ku sami duhun kallon taurari bayan magariba, sannan wata ya fito ya raka ku komawa masauki.

2. Kada ku shiga ba tare da ɗan gari mai ja-gaba ba, kuma ku nemi izinin hukuma, domin sha'anin tsaro a yankin yana canzawa.

3. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, ku guji cikin kwari. Ruwa kan sauka a kan dutse can nesa, ƙorama ta taho da ƙarfi alhali samanku garau.

4. Takalmi rufaffe ga kowa, har yara. Kada wanda ya cusa hannu ƙarƙashin dutse, nan kunama da maciji ke fakewa. A Disamba da Janairu a ɗauki bargo da rigar sanyi.

5. Ido kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, hasken waya kuwa nan take yake ɓata wannan. A rufe bakin tocila da jan ƙyalle. Daga nan sai a nuna wa yara Kaza da 'Ya'yanta, taurarin da ke fitowa sarai da sanyi.

6. Hoto ba ya son motsi. A kafa kyamara ko waya a kan ƙafa uku, ko a jingine ta da dutse, a kashe filasha. Taurari na buƙatar daƙiƙa 15 zuwa 20 da ISO, wato ƙarfin ɗaukar hasken kyamara, wajen 1600 zuwa 3200. In an zarce waɗannan daƙiƙu sai su ja layi. Idan wata ya fito, a sauke ISO zuwa 400, a juya masa baya don haskensa ya faɗa kan bangon dutse.

7. Sanyi na cinye batir, a ajiye na biyu a aljihun ciki.