Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ake ganin girman ƙwaƙwalwar yaro a hoto?

Farin sashen ƙwaƙwalwa tarin zaruruwan jijiyoyi ne masu kai saƙo daga wani yanki zuwa wani. Kitsen da ke lulluɓe su, wato mayelin, shi ya sa sashen ya yi fari, shi ke kuma ƙara wa saƙo sauri.

Na'urar MRI ke nuna farin sashen ba tare da tiyata ba. Dabarar DTI ta MRI, wadda ta fito a 1994, tana bin yadda ruwa ke tafiya a jikin zaruruwan. Hotunan yara da matasa sun nuna sashen yana ta ƙaruwa har bayan shekara 20. Lulluɓin mayelin kan fara daga wajen ƙeya. Yankin goshi, mai kula da tsara al'amura da danne zuciya, shi ke kammaluwa daga ƙarshe.