Amsar Tambaya: Sauka da otofailot a manhajar koyon tuƙin jirgi

Tambaya daga wani matashi a Zawaciki: Me ke hana jirgi gangarowa a manhajar bayan an kunna otofailot?

Amsa: Na'urar ILS, wadda otofailot ke bi wajen sauka, sigina biyu take aikawa daga ƙasa. Ɗaya yana saita jirgi da tsakiyar titin sauka, ɗayan yana shimfiɗa masa gangara mai digiri 3. Da su ake dogara a filin jirgin Malam Aminu Kano in hazon hunturu ya rufe gari.

Matuƙi zai shigar da mitar ILS ɗin titin a rediyon NAV1, ya tunkari layin tsakiyar titin da kusurwar da ba ta wuce digiri 30 ba, sannan ya danna maɓallin APP. Inda aka fi tuntuɓe shi ne zuwa daga sama, domin otofailot yakan kama gangarar ne in an shigo ta ƙarƙashinta. Sakin tayoyi da buɗe filaf kuwa aikin matuƙi ne. A gudun not 140, jirgi yana sauka kusan ƙafa 700 a minti.

A tsayin ƙafa 200, in titi ya bayyana, sai matuƙi ya kashe otofailot ya sauke da hannu. In bai bayyana ba, ya ƙara wuta ya sake tashi.