Gobarar da Ke Ɗauke da Iskarta

Darasin farko da ake koya wa duk wanda ya shiga aikinmu na kwana-kwana shi ne wuta ba ta rayuwa sai da abu uku: abin da za ta ci, da zafi, da iskar oksijin. Ka raba ta da ɗaya, ta mutu. A kan wannan aka gina kusan duk dabarun da jama'a suka sani, wato rufa bargo, zuba yashi, rufe ƙofa, fesa kumfa ko hodar tukunyar kashe wuta. Sai dai akwai wani rukunin sinadarai da ba a iya toshe wa wutarsu numfashi, domin da zarar sun ji zafi daga jikinsu oksijin yake fitowa. Yawancinsu ba sa kamawa da kansu, amma suna hura wutar da ke cin katako, buhu, mai ko roba a kusa da su. Amoniyam naitiret, wanda ake yin takin zamani da nakiyar fasa dutse da shi, yana cikinsu. Haka farar hodar kulorin ta tsabtace ruwan sha. A irin wannan gobara, aikin farko na ma'aikaci shi ne ya san abin da ke ci kafin ya kwance mesa, kuma wannan sani ba a iya samo shi a bakin wuta sai an tanade shi tun da lafiya.

A ranar 16 ga Afrilu, 1947, hayaƙi ya tashi a jirgin ruwan Faransa mai suna Grandcamp a tashar Texas City ta Amurka, yana ɗauke da amoniyam naitiret fiye da tan 2,000. Domin kada ruwa ya ɓata kaya, sai aka rufe ƙofofin ɗakin ajiya aka tura tururi ciki, da nufin shaƙe wutar. Da auduga ce ko hatsi, da dabarar tana da ma'ana. A nan kuwa an haɗa wa sinadarin abu biyun da yake buƙata ya fashe, zafi da matsi. Mutane aƙalla 581 suka mutu, cikinsu har da 27 daga 'yan kwana-kwanan sa-kai 28 na garin. Ba sakaci ne ya kashe su ba. Sun yi aiki da ilimin da ya dace da wata wuta daban.

Abin takaici shi ne yadda labarin ya yi ta maimaita kansa bayan an daɗe da sanin halin sinadarin. A garin West, shi ma a jihar Texas, gobara ta tashi a wurin ajiyar taki ranar 17 ga Afrilu, 2013. Tsakanin kiran farko da fashewar, minti ashirin da 'yan kai ne kacal. Mutum 15 suka rasu, 12 daga cikinsu masu kai ɗauki ne, kuma hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta gano cewa ba su da wani shiri na musamman da aka tsara wa wannan wuri tun kafin ranar. A Tianjin ta ƙasar Sin, a watan Agustan 2015, mutum 173 aka rasa, fiye da rabi 'yan kwana-kwana. A Beirut kuma, ranar 4 ga Agusta, 2020, an tura tawagar mutum goma zuwa sito mai lamba 12 a tashar jiragen ruwa, ba tare da an gaya musu cewa tun 2014 aka jibge kimanin tan 2,750 na amoniyam naitiret a wurin ba. Babu wanda ya dawo a cikinsu. Jami'ai da dama sun san da kayan, takardu sun yi ta yawo tsakanin ofisoshi shekara da shekaru, waɗanda za su tsaya a bakin ƙofar ne kaɗai ba su sani ba.

Ƙa'idar aikin ba ta da wuyar faɗi. Alamar wannan rukuni ita ce allon rawaya mai zanen da'ira da harshen wuta a kanta, da lamba 5.1 a ƙasa. Littafin jagorar kai ɗaukin gaggawa da ake aiki da shi a Amurka, Kanada da Meziko ya ce ruwa ake zubawa, mai yawa, daga nesa, ban da kumfa ban da hoda. Amfanin ruwan shi ne sanyayawa, tun da zafi ne kaɗai abin da za a iya raba wutar da shi. A tsaya ta inda iska ke tasowa, a bar zafin ya samu hanyar fita maimakon a kulle shi, a ɗaure mesa a kan ƙarfe ta yi aiki ba mutum a kusa. Idan wuta ta kama tankar da ke ɗauke da irin wannan kaya, a kori kowa zuwa mita 800 ta kowane ɓangare, idan kuwa amoniyam naitiret ne, mita 1,600. Jan hayaƙi mai sirkin ruwan ƙasa alama ce cewa sinadarin ya fara rushewa, kuma daga nan lokacin faɗa da wuta ya wuce, sai janyewa.

Wani zai ce ai ruwan da ake yabo shi ne ya jawo masifa a wasu wuraren. Gaskiya ne. A watan Satumban 2024, a garin Conyers na jihar Jojiya, ruwa ya taɓa sinadaran kulorin a wani siton kamfanin BioLab, zafi ya tashi, hayaƙi mai guba ya rufe gari har aka kwashe dubban mutane. Amma wannan misali bayani yake a kan yawa. Ruwa kaɗan a kan tulin hodar kulorin yana tayar da zafi da gas, ruwa mai ambaliya kuwa yana sanyaya ta ya narkar da ita. Motar da ta zo da tankinta kaɗai, ba famfon gobara a kusa, za ta iya zuba daidai adadin da zai tsokano sinadarin, ruwanta ya ƙare kafin ta kwantar da shi. Akwai kuma kayan da ruwa haramun ne a kansu ko yaya yawansa, kamar kabaid na masu walda, wanda alamarsa shuɗiya ce, domin da ruwa ya taɓa shi gas mai kamawa yake fitarwa. Sito guda yana iya ɗauke da duka biyun. Saboda haka mai wannan ƙorafi, ba tare da ya nufa ba, ya ƙara wa maganata ƙarfi: sai an san kayan ake sanin ko ruwa magani ne.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, domin ya taɓa mutuncin aikin. Jama'a sun saba auna ɗan kwana-kwana da yadda ya kutsa. Idan mota ta iso ta tsaya nesa, shugaban tawaga yana tambayar mai gadi me ke cikin sito, sai a ce sun zo kallo, kuma duk wanda ya san yadda taro ke harzuƙa a wurin gobarar kasuwa ya san zagi ne mafi sauƙin abin da zai biyo baya. Mai dukiya kuma yana ganin kowane minti asara ce, kuma bai yi ƙarya ba, domin wani lokaci janyewa tana nufin an sallama ginin ke nan. Amma ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. A West, da an kashe minti ashirin ɗin nan wajen kwashe maƙwabta da matsar da motoci, ginin dai zai tafi kamar yadda ya tafi, mutanen ne za a tsira da su. Idan akwai rai a ciki da ake iya cetowa, lissafi ya sauya. Idan buhuna ne kawai, babu buhun da ya kai ran ma'aikaci, ballantana na 'yan kallon da ke matsowa da waya a hannu.

Masu cewa wannan matsalar manyan tashoshin jiragen ruwa ce, ba ta garuruwanmu ba, su leƙa ɗakunan ajiyar ma'aikatun ruwa, da shagunan sinadarai, da tirelolin da ke ratsa gari a lulluɓe da tamfol. Durom guda na hodar kulorin da man birki ko man inji ya zuba a kai ya isa ya tayar da wuta ba ashana. Takin yuriya dai ba ya cikin wannan rukuni, amma wasu takin da aka haɗa da naitiret suna ciki, kuma rubutun jikin buhu ne zai bambance. Abin da ake nema daga mai sito ba mai tsada ba ne: ya raba waɗannan kaya da mai, katako da asid, ya ajiye su a busasshen wuri mai iska, ya maƙala alama a waje, ya bar jerin kayan a hannun mai gadi, ya kuma gayyaci ofishin kashe gobara mafi kusa su zo su ga wurin da rana tsaka. Mu kuma wajibinmu ne mu riƙe wannan bayani a inda mai amsa waya zai gan shi, ya faɗa wa tawaga tun tana hanya. Duk wanda ya shaƙi jan hayaƙin nan ko gas ɗin kulorin, ma'aikaci ne ko ɗan kallo, a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa lau, domin ruwa yana iya taruwa a huhu bayan awoyi da dama.