Kalmar "Agree" da Danginta a Fassara

Ɗalibin fassara yakan zaci duk inda ya ga "agree", to, "yarda" ake nufi. Wannan zato yana jawo kuskure.

Ingilishi ya aro kalmar daga tsohon Faransanci, tushenta kuwa "gratus" ne na Latin, watau abu mai daɗi ga rai. Wannan ma'ana ta fari tana nan cikin sifar "agreeable": mutumin da aka siffanta da ita, galibi mai daɗin zama ake nufi.

Shi kuwa aikatau, kalmar da ta biyo shi ita ke fayyace manufa. "Agree with" shi ne ra'ayi ya zo ɗaya, "agree to" amincewa da sharaɗi, "agree on" kuwa tsayar da shawara tare. In Bature ya ce abinci bai yi "agree with" shi ba, nufinsa bai karɓe shi ba.

"Agreement" a wurin lauya yarjejeniya ce, a nahawu kuwa jituwa, kamar a "yaro ya zo" da "yarinya ta zo".

Saboda haka a lura: tafintan kotu da ya musanya "with" da "to" yana iya ɗora wa mutum alkawarin da bai ɗauka ba.