Kwamfutar Tebur Ta Ƙi Tashi Ko Allo Ya Yi Duhu? Yadda Ake Gano Laifin Kafin A Kama Hanyar Birnin Kebbi

Wanda ya saba da wayar hannu, in ta mutu abu biyu yake zargi: ko caji ko sikirin. Kwamfutar tebur ma kusan haka take, sai dai ita kayanta a rarrabe suke. Ga akwatin da ake kira sipiyu, ga monita mai tasa wayar wutar daban, ga kuma kebur ɗin da ya haɗa su. Kowane ɗaya na iya lalacewa shi kaɗai, amma abin da mai kwamfuta zai gani iri ɗaya ne: baƙin allo.

A garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo, irin su Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya, wannan baƙin allon ba ƙaramin abu ba ne. Matashin da ke shagon buga takardu da cike fom ɗin makaranta da wanke hoton fasfo, da ita yake ci. In ya rasa mai gyara a kusa, sai ya ɗaure ta a mota zuwa Birnin Kebbi, ya biya kuɗin hanya, ya rufe shago kwana ɗaya ko biyu. Sau da yawa kuma a je a tarar laifin bai wuce waya ɗaya ba. Shi ya sa kafin a kashe ko sisi, ya kamata a fara raba gardama: wuta ce ba ta shiga, ko hoto ne ba ya fita?

A danna maɓallin kunnawa, a kasa kunne. In fanka ba ta juya ba, ƙaramar fitilar gaba ba ta kama ba, maganar wuta ce. In fanka ta juya, a jira kamar minti ɗaya sannan a danna Caps Lock a kibod. Fitilarsa ta kama, ta kuma mutu in an sake dannawa? To kwamfutar na raye, tana aikinta cikin duhu, laifin yana tsakanin kebur da monita. In fanka na juyawa amma Caps Lock bai amsa ba, kwamfutar ta maƙale ne tun a binciken farko da take yi wa kanta, kuma a nan ram ake fara tuhuma.

Idan wuta ce ba ta shiga

Gwajin farko wayar hannu ce za ta yi shi. A soka cajarta a soket ɗin da kwamfutar take. In waya ba ta caji, babu ruwan kwamfuta a ciki.

Daga nan sai filogi, kuma a nan ne zaman kan iyaka yake da nasa labarin. Kwamfutocin gwanjo da suka sauka a tashar jiragen ruwan Kwatano, musamman waɗanda aka yi amfani da su a Faransa, da filogi mai ƙafa biyu zagayayyu suke zuwa, irin wanda ake amfani da shi a Jamhuriyar Benin. A Segbana, tsallaken Tsamiya, wannan filogin daidai yake da soket ɗin bango. A Nijeriya kuwa soket mai ramuka uku masu kusurwa ake sakawa, irin na Ingila. Abin da aka saba yi shi ne a tura tsinke a ramin sama, a cusa filogin da ƙarfi. Zai shiga, amma ba zai kama da kyau ba, yana tartsatsi, da an taɓa tebur kwamfuta ta mutu. Sannan ba ya haɗuwa da layin ƙasa, wanda shi ne ke kwashe wutar da ta zurare. Wannan na cikin dalilan da jikin akwatin ke ɗan jan mutum in ya taɓa shi ba takalmi. Maganin mai sauƙi ne. Bakin da ke shiga bayan kwamfuta iri ɗaya ne a yawancin ƙasashe, don haka a sayi waya mai filogi ƙafa uku a musanya. Shi kuma filogi mai ƙafa uku yana da fis a cikinsa, in ya ƙone waya za ta mutu alhali ba ta tsinke ko'ina ba. Ana iya aron wayar monita a gwada, galibi iri ɗaya ce.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan muni. A bayan wasu tsofaffin kwamfutoci, kusa da inda waya ke shiga, akwai ɗan jan makunni da aka rubuta 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗayan. Amurka na amfani da wuta kusan bolt 120, Nijeriya da Benin kuwa tsakanin 220 da 230. Kwamfutar da ta taso daga Amurka tana kan 115, aka jona ta a Bagudo ba a duba ba, ƙara ɗaya za a ji, sai hayaƙi. Duk kwamfutar da aka sayo, a duba wannan makunnin kafin ta ɗanɗani wuta, ya zama 230 ne ake gani. Sababbi ba su da shi, an rubuta musu 100 zuwa 240, suna daidaita kansu.

In soket da waya lafiya lau, a zare wayar, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 20 zuwa 30, a mayar. Wannan na sauke ragowar wutar da ta kwanta a ciki, kuma yakan tayar da kwamfutar da ta ƙame bayan an ɗauke wuta ba zato.

Abin da ya rage shi ne akwatin wuta, wato ƙaramin akwatin ƙarfe mai fanka da ke cikin sipiyu. Aikinsa kamar na kan caja ne, yana karɓar wutar bango ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3. A tsarin ATX da kamfanin Intel ya fitar a 1995, launin waya na faɗin aikinta: rawaya 12, ja 5, ruwan lemo 3.3, baƙa kuma ƙasa. Akwai koriya guda ɗaya a cikin babban filogi mai haƙora 24, ita ce ke ba akwatin umarnin tashi. Masu gyara kan zare filogin daga babban allon ciki, su haɗa koriyar da baƙa da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe, sannan su jona wuta. In fankar akwatin ta juya, yana da sauran rai. Ba shaida ce ta cikakkiyar lafiya ba, domin akwai wanda ke tashi ba kaya amma ya faɗi da an ɗora masa nauyi. Mai mita zai auna ya gani: layin 12 bai kamata ya sauka ƙasa da 11.4 ko ya haura 12.6 ba.

Sai dai a kula, yawancin Dell da HP na ofis da suka cika kasuwar gwanjo, musamman sirara, ba sa bin wannan tsarin, filoginsu daban ne, launukan ma daban. Kada a yi musu wannan gwajin da ka. Da yawa daga Dell OptiPlex suna da ɗan maɓalli da fitila a bayan akwatin wutar, in an danna fitila ta yi kore, akwatin lafiya.

Shi kansa akwatin wutar ba a buɗe shi. Akwai manyan kapasita a ciki da ke riƙe sama da bolt 300, kuma suna iya riƙewa bayan an zare waya. In ya mutu, sauyawa ake yi.

Idan hoto ne ba ya fita

Monita na magana, in an saurare shi. A kunna shi shi kaɗai. In ya nuna tambarin kamfani sannan ya rubuta “No Signal”, ko “Pas de signal” in na Faransa ne, to shi lafiyarsa ƙalau, hoto ne ba ya iso masa. A duba cewa an zaɓi ƙofar da kebur yake, VGA ko HDMI ko DisplayPort, da maɓallan jikin monitan.

Kebur mai shuɗin kai, wato VGA, tun 1987 yake, haƙoransa 15 ne sirara. Ɗaya ya lanƙwashe, sai hoto ya koma ja-ja ko kore-kore, ko ya ɓace gaba ɗaya. A haska shi da tocilan waya a ƙirga. Wani kuskuren da ake yawan yi bayan an kwashe shago ko an yi shara: in kwamfuta na da katin hoto na daban, ƙofofinsa na can ƙasa a kwance, a nan ake jona kebur. Aka jona a ƙofar sama kusa da na USB, galibi ba abin da zai fito.

In fitilar monita na kunne amma allon baƙi ƙirin, a kashe fitilar ɗaki, a manna tocilan waya a gilashin ta gefe. In ana hango inuwar rubutu can ciki, fitilun bayan allon ne suka mutu, kamar dai yadda ke faruwa da sikirin ɗin waya. Wannan gyaruwa yake. Kafin a gyara, talabijin mai ƙofar HDMI ko VGA zai riƙe shago.

Sai batun ram. Kwamfutar da ta sha hanya daga kan iyaka cikin but ɗin mota, ko ta kwashi ƙurar hunturu wata uku, ram ɗinta kan sassauta ko haƙoransa su yi datti. Alamarsa fanka na gudu, allo duhu, wani lokacin da ƙara tin-tin a jere, ko fitilar gaba na ƙiftawa da launin ruwan lemo. A zare waya, a taɓa ƙarfen akwatin don sauke wutar jiki, a buɗe maƙallan gefe biyu, a ciro ram ɗin a riƙe shi ta gefe. A goga haƙoransa masu ruwan zinariya da magogin fensir, a kaɗe, a mayar har a ji ƙas a kowane gefe. In biyu ne, a gwada ɗaya bayan ɗaya. Yana da kyau a ɗauki hoton cikin da waya kafin a zare komai. In an riga an buɗe, a duba ɗan batir mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, bolt 3. In ya mutu agogon kwamfuta na komawa baya duk safiya, wasu kuma sai su tsaya a baƙin allo suna neman a danna F1.

Mai mutuwa tana tsakiyar aiki

Wannan ta fi cin rai, don ba ta mutu ba kuma ba ta rayu ba. In tana ɗaukewa ne da rana tsaka a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kebbi, a duba fankar da ke kan kwakwalwar. Ƙura na toshe ƙarfen da ke ƙarƙashinta har ya zama kamar bargo, kwamfuta ta kashe kanta don kada ta ƙone. Busawa ake yi, ana riƙe da fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa.

In kuwa tana ɗaukewa ne daidai lokacin da aka kunna injin fotokwafi ko firinta mai leza, ƙarfin wutar ne ya gaza. Waɗannan injinan na jan wuta mai yawa lokacin da suke ɗumama, ƙaramin janareta sai ya durƙusa, kwamfuta ta sake tashi daga farko. A raba musu layi, a sa wa kwamfuta da monita UPS, amma kada a ɗora firinta mai leza a kansa. Masu sola kuma su duba jikin inbatarsu: mai arha da aka rubuta wa “modified sine wave” na sa wasu akwatunan wuta kuka ko mutuwa, wadda aka rubuta wa “pure sine wave” ce ta dace. Kuma in an tayar da janareta, a bar shi ya daidaita muryarsa kamar minti ɗaya kafin a jona kwamfuta, a kashe ta kafin a kashe shi.